A Fara Da Allura Kafin Wuƙa

Akwai wata magana da mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna a kanta, musamman na yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, har Adabka da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Magana ce wadda ba a saba yinta a zaure ba, domin ta shafi jikin mata, amma kuwa kunyar faɗinta ta daɗe tana cin rayuka. Ita ce maganar ƙullutun da budurwa ko matar aure mai ƙuruciya kan ji a cikin nononta, da abin da ya kamata a yi mata ran da ta buɗe baki ta faɗa. Ra'ayinmu shi ne kada a sa wa nonon mace wuƙa, ko askar wanzami ce ko wuƙar likita, sai an san abin da ke ciki. Hanyar sani kuwa allura ce, wadda a kan soka a ɗebo ɗan abin da ke cikin ƙullutun a kai wa masana su duba.

Bari mu fara da abin da zai kwantar da hankali. Galibin ƙullutun da a ke samu a nonon 'yan mata ba sankara ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne wanda likitoci ke kira faibro'adinoma, ya fi fitowa tsakanin shekara 15 zuwa 35. Yana da santsi, a dunƙule ya ke kamar gurjiya, ba ya cika ciwo, in an taɓa shi kuma sai ya zille ƙarƙashin yatsa, har likitocin Ingila su kan yi masa laƙabi da ɓeran nono. Ba ya kisa, waɗansu ma su kan ƙanƙance da kansu. Ban da shi akwai jakar ruwa, akwai nonon da kan taru wuri guda ga mai shayarwa, akwai ƙurji mai mugunya, har ma tarin fuka ya kan kama nono wani lokaci ya yi kama da mugun ƙari. Ko wannensu da maganinsa dabam.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Yatsa, ko da na likita ne wanda ya daɗe yana aiki, ba ya iya rantsuwa a kan abin da ke ƙarƙashin fata. Ƙuruciya kuma ba garkuwa ba ce a ƙasarmu. A Ingila, cikin mata goma da sankarar mama ke kamawa, wajen takwas sun wuce shekara 50. A nan kuwa abin da manyan asibitocinmu su ka sha gani shi ne matan da ke zuwa da ita yawancinsu ba su kai wannan shekaru ba, kuma ba abin mamaki ba ne a ga 'yar shekara talatin da goyo a bayanta tana ɗauke da ita. Hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 mata fiye da 28,000 su ka kamu da sankarar mama a Nijeriya, fiye da 14,000 kuma su ka mutu da ita. Watau duk inda aka ƙidaya biyu da su ka kamu, an yi jana'izar ɗaya. Babban dalili kuwa shi ne zuwa a makare, bayan ciwo ya fashe ko ya bi kaluluwar hammata ya wuce. Saboda haka mai cewa yarinya ce, ba komi, a bar shi, da mai cewa a yanke nan take, duka biyu caca su ke yi da jikin 'yar mutane.

Ƙa'idar da likitocin duniya su ka yi ittifaƙi a kanta ita ce a kafa shaidu uku. Na farko likita ya duba da hannu, ya tambayi labarin ƙullutun. Na biyu a ɗauki hoto. Ga mace mai ƙuruciya kuwa sikanin ya fi dacewa, irin dai na'urar da a ke duba masu ciki da ita, domin naman nonon yarinya a cure ya ke, hoton mamogiram ba ya ratsa shi sosai. Na uku shi ne allura. In shaidun nan uku su ka haɗu a kan cewa babu sharri, an gama, mace ta koma ɗakinta. In ɗaya ya saɓa, sai a ƙara bincike. Duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya san hikimar wannan.

Allurar iri biyu ce, kuma ya kamata mai karatu ya san bambancinsu, don kada a ruɗe shi a asibiti. Ta farko siririya ce, ba ta fi wadda a ke ɗibar jini da ita kauri ba. A kan soka ta cikin ƙullutun, a zuƙo 'yan ƙwayoyin halitta, a shafa bisa gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Aikin minti kaɗan ne, sau da yawa ko allurar kashe zafi ba a bukata. Ba sabon abu ba ne. Tun a shekara ta 1930 waɗansu ma'aikata biyu na Asibitin Memorial a birnin New York, Martin da Ellis, su ka buga bayanin yadda su ke gane ƙari ta hanyar zuƙo shi da allura. Sa'an nan likitocin Asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, irin su Franzen da Zajicek, su ka kyautata hanyar a shekarun 1950 da 1960, daga can ta bazu ko'ina. Ta biyu mai kauri ce, kaurinta wajen milimita 2. A kan kashe wurin da allura tukuna, a ɗan tsaga fata tsagin da bai kai a ɗinke ba, sa'an nan allurar ta gutsuro tsoka siririya kamar guntun tsinken tsintsiya, sau uku ko huɗu. Kafin rabin sa'a an gama, a manna filasta, mace ta tafi da ƙafarta. Abin da kan biyo baya galibi ɗan tsami ne da taruwar jini ƙarƙashin fata na 'yan kwanaki.

Wacce ta fi? Siririyar ta fi arha, kuma ita ce gwanar jakar ruwa da ƙurji, domin tana gane su tana kuma zuƙe su a zama ɗaya. Mai shayarwa da ƙurji ya kama sau da yawa a kan warkar da ita da allura da maganin ƙwayoyin cuta, ba sai an tsaga ba. Amma ga ƙullutu mai tauri, mu mun fi karkata ga mai kauri, kamar yadda ƙasashe masu yawa su ka koma gare ta tun shekarun 1990. Siririya ƙwayoyi ta ke kawowa a warwatse, kamar a kawo maka 'yan tubala a ce ka faɗi fasalin gida. Mai kauri kuwa guntun bango ta ke kawowa da ginin sa. Da ita a ke sanin ko sankara na nan killace cikin hanyar nono ko ta keta ta shiga nama. Da ita kuma a ke sanin irin sankarar, domin ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ke girma da sinadarin mata na istirojin, ita ce ƙwayar tamoksifen ke yi wa aiki; akwai wadda ba ruwanta da shi, wadda bincike ya nuna tana da yawa cikin matan Afirka ta Yamma, ko an shekara ana shan ƙwayar nan a kanta asarar kuɗi ce da lokaci.

Wani zai ce, mene ne na wahala? Tun da ƙullutu ne, a fiɗe shi gaba ɗaya a huta. Wannan ita ce al'adar da mu ke so a bari. In abin ba sankara ba ne, an sa wa yarinya tabo a banza, an kashe kuɗin tiyata a banza, in yankan ya bi kusa da kan nono kuma yana iya datse hanyoyin da za ta shayar da ɗanta nan gaba. In kuwa sankara ce, ɓarnar ta fi haka. Likitan da ya shiga da niyyar cire faibro'adinoma ba ya ɗebe naman da ke kewaye, ba ya taɓa hammata, sai ya bar saura. Dole a sake yanka. An kuma rasa damar fara ba da maganin da ke ƙanƙantar da ƙari kafin fiɗa, wanda wani lokaci shi ne ke sa a tsirar da nonon. Mafi muni duka, sau da yawa abin da aka ciro ba ya isa ɗakin gwaji sam. A kan nuna wa dangi shi a cikin kwano, su yi hamdala, a binne, sai bayan wata shida ciwo ya dawo, a ce sammu ne.

Yanzu mu zo ga babbar katanga, watau zancen nan da kowa ya sani a ƙasar Hausa, cewa daji ba ya son ƙarfe, in an yi masa allura sai ya haukace. Ba mu raina masu faɗin haka ba, domin abin da idonsu ya gani su ke faɗi. Sun ga mace an kai ta asibiti, an soka mata allura, bayan wata biyu ta rasu. Amma a tambaya, yaushe aka kai ta? Bayan shekara guda ko biyu ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, bayan an yi sakiya, bayan ciwon ya riga ya isa huhu ko ƙashi. Allura ta tono garma, gaskiya ne, amma garmar tana nan binne tun kafin allura ta zo. Likitoci sun bi diddigin mata masu yawan gaske da aka yi wa wannan gwaji, ba su ga ya rage wa mace kwana ba. Abin ban mamaki kuma shi ne, mutanen da ke tsoron ƙarfen likita mai tsabta su ne ke miƙa 'yarsu ga ƙarfen sakiya, wanda ke buɗe gyambon da ba ya rufewa. Malamin makaranta da ya iya warware wannan zance a majalisa, cikin natsuwa ba da gatse ba, ya yi aikin da likita goma ba su yi ba, domin shi a ke ji.

Kada kuma a ɗauka muna cewa ko wane ƙullutu sai an soka. Akwai wuri biyu da hannu ya kamata ya tsaya. Na farko, yarinya 'yar shekara takwas zuwa goma sha biyu da wani ɗan tauri ya fito mata daidai ƙarƙashin kan nono, sau da yawa gefe ɗaya kafin ɗayan. Wannan ƙirgar dangi ce, tushen nonon ne kansa. Wanda ya yanke shi da sunan magani ya hana nonon nan fitowa har abada. Malaman 'yan mata su riƙe wannan da kyau, domin su iyaye kan fara tambaya. Na biyu, a Ingila in budurwa ba ta kai shekara 25 ba, kuma hannu da sikanin duka su ka nuna faibro'adinoma sak, a kan ƙyale ta ba allura. Sai dai wannan sassauci yana tafiya da sharaɗin gwanin hoto, da kuma samun damar dawowa in abin ya ƙara girma. Inda dawowa ke da wuya, gara a tabbatar tun zuwan farko. Ƙullutun da ke girma da sauri kuwa, ko na 'yar shekara nawa ne, a gwada shi, domin akwai wani ƙari mai suna filodis da ke shigar burtu da kamannin faibro'adinoma. Haka nan mai ciki da mai goyo, kada a ce su jira sai sun haihu ko sun yaye. Sikanin ba ya cutar da ciki, allurar ma ana yi musu.

Allura kuma tana iya kuskure wurin, ko ta fito da abin da bai isa dubawa ba. Shi ya sa a ke son a yi ta ana kallon sikanin, shi ya sa kuma takardar da ta ce ba a ga komi ba, alhali ƙullutu na ci gaba da girma, ba takardar sallama ba ce. A koma.

Duk wannan bayani, mutumin Adabka zai ce ya ji, amma ina zai same shi? Nan ne hujjarsa ta fi tamu ƙarfi. Likitan da ke karanta tsoka ba a ƙauye ya ke zaune ba. Irinsu kaɗan ne a ƙasar duka, kuma a manyan asibitoci su ke, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano. Daga ƙasar Bukkuyum zuwa Gusau ko Sakkwato tafiya ce mai cin kuɗin mota na mutum biyu ko uku, domin mace ba ta tafiya ita kaɗai, ga kwana, ga abinci, ga barin gona, ga kuma halin da 'yan bindiga su ka jefa hanyoyin wannan yanki a shekarun nan. A ce mace ta yi wannan tafiya sau uku, ɗaya don ganin likita, ɗaya don gwaji, ɗaya don karɓar sakamako, daidai ya ke da a ce mata ta zauna gida.

Shawararmu ita ce tsoka ta yi tafiyar, mace ta zauna. A koya wa likitocin manyan asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum yin allura mai kauri da sikanin, abin da ba ya bukatar shekaru ana koyo. A sa rana ɗaya a mako. Abin da aka gutsuro a jefa shi cikin 'yar kwalba mai ruwan fomalin, a rubuta suna da lamba, ɗan aike ya kai Gusau ko Sakkwato, sakamako ya dawo ta waya. A nan ma allura mai kauri ta fi dacewa da mu, domin shafa ƙwayoyi bisa gilashi sai gwani, amma jefa tsoka a kwalba kowa ya iya.

Kada wani ya ce wannan mafarki ne, domin an yi irinsa a gaban idonmu. Shekara da shekaru, duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya a ko wane ƙauye, a kan ɗebi bayan gidansa a sa cikin akwatin sanyi a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri, har aka tabbatar a shekara ta 2020 cewa ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a Afirka. In kashin yaro ya iya zuwa Ibadan, tsokar uwarsa ta iya zuwa Sakkwato. Mutanen wannan yanki kuma sun fi kowa sanin darajar gwaji. A shekara ta 2010, sa'ad da yara su ka yi ta mutuwa a Dareta da Abare na ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, an yi ta ba da maganin zazzaɓi ba sauƙi, sai da aka ɗebi jini aka gwada sa'an nan aka gane gubar dalma ce daga niƙan dutsen zinariya. Yara wajen 400 su ka rasu. Da ba a gwada ba, da har yanzu ana ta zargin iskoki.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida, kuma a nan ne akawu ke shigowa. Tsoka tana bukatar shiga fomalin cikin sa'a guda da cirowa, kuma don gwajin nan na gane irin sankara ya fita daidai, ba a son ta wuce kwana uku a ciki. Kwalbar da ta kwana mako biyu a aljihun tebur tana jiran a sami mai zuwa birni ta rage amfani. Sa'an nan sakamako ba ya da amfani sai ya isa ga mai shi. Wajibi ne a sami littafi guda, a rubuta ran da aka ɗauka, ran da aka aika, ran da amsa ta dawo, da lambar wayar miji ko wa ko mai unguwa, a kuma sami mutum guda wanda in kwalba ta ɓata shi za a tambaya. A zamanin En'e, sa'ad da Anka da Gummi da Bukkuyum ke gundumomi ƙarƙashin Sakkwato, takardun haraji su kan je su dawo ba mota mai kyau ba waya, ba su kuwa ɓata, domin an san wanda zai amsa tambaya. Ba mu ga dalilin da zai sa takardar rai ta kasa samun kulawar da takardar jangali ta samu ba.

Mun san akwai masu cewa yankin da zazzaɓin cizon sauro da yunwar yara da gudun hijira su ka dama, ba shi da sararin wannan. Maganarsu tana da nauyi, amma a duba abin da a ke nema: allura, kwalba, fomalin, kuɗin mota. Ba gini ba ne. Matar da a ke magana a kanta kuwa ita ce mai shayar da yaran nan da a ke tsoron yunwarsu. Har wa yau, a shekara ta 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun taimakon marasa ƙarfi masu sankara, sankarar mama na cikin cututtukan da aka fara da su, Asibitin Shika kuma na cikin wuraren farko. Amma ba asibitin kirki da zai fara wa mace maganin sankara ba da takardar gwajin tsoka ba. Wadda ba ta sami allura ba, ko ƙofar taimakon ba ta isa ba.

Saura kunya. Mace da yawa ta gwammace ta mutu da ta buɗe ƙirjinta gaban namiji baƙo, miji da yawa kuma ya gwammace haka. Faɗa ba ya maganin wannan. A sa ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti ta zama ita ce mai fara dubawa, ta kuma tsaya a ɗakin har a gama. A bar mace ta shiga da uwarta ko yayarta. Mazaje kuma su sani, izinin da aka jinkirta wata shida yana iya zama bambanci tsakanin 'yar filasta da rasa nono ɗungum.

A shekara ta 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe ma'auni, cewa daga ran da mace ta fara kai kukan nononta asibiti zuwa ran da aka gama hoto da gwajin tsoka aka gaya mata abin da ke damunta, kada a wuce kwana 60. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Gusau da majalisun ƙananan hukumomin nan uku su ɗauki wannan adadi su auna kansu da shi. Akawunan da ke shirya kasafin shekara mai zuwa kuma su buɗe masa layi nasa na kansa, da kuɗin allura da fomalin da na ɗan aike, domin abin da ba a rubuta a kasafi ba, ma'aji ba ya fitar da kuɗinsa.